Tambaya: in an tsinci ƙasusuwan mutum, ta yaya ake gane na waye da kuma yaushe ya rasu?

Ɗan_Kurmi:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah likitocinmu da masu kimiyya ku zo ku fitar da ni duhu, wani labari ne ya tsaya min a rai. A 1983 a Ingila, wani wuri da ake kira Lindow Moss a yankin Cheshire, ma'aikata suna haƙar baƙar lakar fadama irin wadda ake sayar wa masu lambu sai suka ci karo da wani dunƙulallen abu, da suka wanke ashe ƙoƙon kan mutum ne, da sauran gashi a jikinsa har da ƙwayar ido guda. Likitan ƴan sanda ya duba yace kan mace ne mai shekara 30 zuwa 50. To dama akwai wani mutumi Peter Reyn-Bardt da ya taɓa zama a bakin fadamar, matarsa Malika ta ɓace tun wajen 1960 kuma an daɗe ana zarginsa, ana ce masa an samu kai kawai sai ya amsa cewa eh shi ya kashe ta ya daddatsa gawar ya binne. Bayan ya gama tona wa kansa asiri sai ga sakamakon gwaji daga Jami'ar Oxford, wai kan nan ya kai shekara wajen 1,700 tun zamanin da Rumawa ke mulkin ƙasar. Ya so ya gyara maganarsa amma bakin alƙalami ya bushe, kotu ta yi masa ɗaurin rai da rai, ita kuwa Malika har yau ba a ga gawarta ba.

Abun da ya ɗaure min kai, ta yaya likita guda da karatunsa zai kasa bambance shekara 23 da shekara 1,700? Sannan tunda yanzu ana ta cewa DNA DNA, me yasa har yanzu ake binne mutane ba suna? In a nan wajenmu ne aka tono ƙashi a gona ko tsohuwar rijiya, akwai yadda za a yi a san na waye?

Bokan_Turai:

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Kurmi. Kar ka ga baiken likitan nan sosai, "yaushe ya mutu" ita ce tambayar da ta fi kowacce ba mu wahala a aikin binciken gawa. A kwana biyun farko akwai abun kamawa, ana duba yadda jiki ya huce, da inda jini ya kwanta, da sandarewar gaɓoɓi wadda take farawa bayan ƴan awanni ta cika wajen awa 12 sannan ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. In an wuce nan sai a koma wa ƙudaje, koren ƙudan nan ba ya ɓata lokaci yake sauka ya yi ƙwai, masana ƙwari su auna girman tsutsa su haɗa da zafin garin su lissafo kwanakin, wannan zai kai ka ƴan makonni. Amma da zarar nama ya ƙare ƙashi kaɗai ya rage toh an shiga lalube, domin gawa ba da kwanan wata take ruɓewa ba, da wurin da take kwance take ruɓewa. Akwai tsohuwar ƙa'ida da wani likitan Jamus mai suna Casper ya kawo, cewa ruɓewar mako 1 a sarari daidai take da ta mako 2 a ruwa, daidai da ta mako 8 a cikin ƙasa, kuma ita ɗin ma kintace ce kawai. A zafin watan Afrilu irin namu ga ungulu ga karnuka ga tsutsa, ƴan makonni sun isa a koma kwarangwal. Ita kuwa fadamar Lindow ruwanta sanyi gare shi ga tsami ga ba iska a ciki, ƙwayoyin da ke ruɓar da nama ba sa iya aiki, jeme fatar ma ruwan yake yi. Shi yasa mutumin zamanin Rumawa zai fito da gashinsa.

Kuma ba shi kaɗai abun ya taɓa kayarwa ba. William Bass babban masanin ƙashi ne a jihar Tennessee ta Amurka, a ƙarshen 1977 aka kira shi wani tsohon kabari da ɓarayi suka tona, aka ga gawa ba kai da kaya masu kyau a jiki, naman ma da sauran ja-ja a jikinsa. Yace mutumin nan bai wuce shekara guda da mutuwa ba, har ƴan sanda suka fara zaton wani aka kashe aka zo aka cusa a tsohon kabari. Ashe mai kabarin ne da kansa, Kanar William Shy da aka kashe a yaƙin Nashville a 1864, an yi wa gawar magani an rufe ta a akwatin ƙarfe. Shekara 113 ya kuskure. Abun ya dame shi har ya sa ya buɗe wani fili a Jami'ar Tennessee a farkon shekarun 1980 inda ake ajiye gawarwakin waɗanda suka yi wasiyya da jikinsu, wata a rana wata a inuwa wata a but ɗin mota wata a rami, ana rubuta yadda kowacce ke canzawa. Yawancin lissafin da ake aiki da shi yau daga irin wuraren nan ya fito, kuma ka lura yanayin Tennessee ba na Gashuwa bane, in ka kwaso lissafinsu ka ɗora a kan namu dole ka zame.

Abun da ƙashi ke iya faɗa da gaske shi ne kamannin mai shi. Ƙashin ƙugu shi ne sarki wajen raba mace da namiji saboda na mace a buɗe yake don haihuwa, in yana nan cikakke da wuya a kuskure. Ƙoƙon kai bai kai shi tabbas ba, shi kansa kan Lindow ɗin daga baya an samu masana da ke jayayya ko ma na macen ne. Yaro kuwa da bai balaga ba ƙashinsa ba ya nuna jinsi kwata-kwata sai dai a yi DNA. Wajen shekaru kuma abun juyawa yake, na yaro ya fi sauƙi don haƙora suna fitowa ne bi da bi a kan lokaci, bakin dogayen ƙasusuwa kuma suna haɗewa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe shi ne wannan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji wanda sai an doshi 30 yake gama rufewa. In mutum ya haura 40 sai dai ka ji an ce tsakanin 40 da 60, iyakar gaskiyar kenan. Tsayi kuma daga ƙashin cinya ake lissafo shi, amma shahararren lissafin Trotter da Gleser da ƙasusuwan sojojin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya aka gina shi, ba lallai ya zauna daidai a kan Bafillace ko Babarbare ba.

Sarkin_Zolaya:

Hhhh wlh mutumin Ingilan nan alhaki ne kawai ya kama shi, wanda ya mutu tun kafin zuwan Annabi (SAW) shi ya tashi ya ba da shaida. Amma Dakta ni abun da ban gane ba su mutanen Oxford din da me suka auna suka ce 1,700? Ko su ma kintacen ne irin na abokin aikinka

Malam_Kemistiri:

Sarkin Zolaya ba kintace bane, wannan fannina ne bari in shigo da izinin Dakta. Akwai wani nau'in kabon da ake kira kabon-14 da ke samuwa a sararin sama, tsiro ya shaƙe shi, dabba ta ci tsiro, mu kuma mu ci duka biyun. Muddin kana raye kana zuba sabo a jiki, ranar da ka mutu an rufe ƙofa sai raguwa, kuma raguwar a kan ƙa'ida take, duk shekara 5,730 rabi ke tafiya. Willard Libby ne ya fito da hanyar har ya samu kyautar Nobel a 1960. Da ita aka gane gawar da wasu Jamusawa mata da miji suka gani cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, wadda aka fara ɗauka ta wani mai hawan dutse ce da ya yi hatsari, ashe ta kai shekara 5,300.

Sai dai abun mamakin shi ne gwajin nan ya fi iya tsohon abu a kan na kusa. In ƙashi ya faɗa tsakanin wajen 1650 da 1950 amsar cakuɗewa take, sai na'ura ta baka zamani biyu ko uku kuma kowanne zai iya zama daidai, saboda yawan kabon-14 a sama ya yi ta hawa da sauka a lokacin. Kenan ƙashin zamanin Shehu Ɗan Fodiyo da na zamanin Lugga zai yi wuya a raba su da wannan gwajin shi kaɗai.

Wanda ya zo ya taimaki ƴan sanda kuma abun da ba wanda zai zata ne, bom ɗin nukiliya. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1963 manyan ƙasashe sun yi ta gwada bama-bamai a sarari, musamman Amurka da Tarayyar Sobiyet, wanda Sobiyet ta tayar a Oktoban 1961 shi kaɗai ƙarfinsa ya kai megaton 50, wato kamar tan miliyan 50 na nakiya. Faransa ma ta yi nata a nan bayan gidanmu, a Reggane cikin Saharar Aljeriya daga Fabrairun 1960, wanda saboda shi ne gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961, duk da cewa nata kaɗan ne in aka kwatanta da na manyan biyun. Gwaje-gwajen nan suka kusa ninka kabon-14 da ke iskar arewacin duniya, sai aka sa hannu kan yarjejeniyar hana gwaji a sarari a 1963, daga nan ya fara sauka kaɗan-kaɗan kowace shekara kuma an auna an rubuta na kowace shekara. Duk wanda ya ci abinci a duniyar nan bayan 1955 akwai wannan tambarin a jikinsa, ni da kai duka.

Yanzu ga inda daɗin yake. Farin ɓawon haƙori sau ɗaya jiki ke gina shi tun ana yara kuma ba ya sabuntawa, don haka kabon ɗin da ke ciki na shekarar da aka gina shi ne, kuma an san shekarun da kowane haƙori ke ginuwa, sai a lissafo shekarar haihuwa. Binciken Kirsty Spalding da abokan aikinta na 2005 ya nuna ana iya cankar ta da kuskuren da bai kai shekara 2 ba. Gashi da farce kuwa na watannin ƙarshen rayuwa ne, su ke nuna shekarar mutuwa in an same su. Matsalar ita ce galibi ba a samun su, sai ƙashi, shi kuma ƙashi a hankali yake sabuntawa, na cinyar dattijo zai iya nuna maka kabon ɗin shekara 10 ko 20 kafin rasuwarsa, dole sai ka san shekarunsa kafin ka gyara lissafin, shekarun nan kuma Dakta ya gaya muku yadda suke da santsi. Ga kuma abinci, wanda ya rayu a kan kifin teku ƙashinsa yana nuna ya fi ainihinsa tsufa, sai da aka yi wannan gyaran ga ƙasusuwan Sarki Richard na 3 da aka tono a wurin ajiye motoci a Leicester a 2012 kafin lissafi ya zo daidai da 1485 da aka kashe shi.

Wani abun takaici kuma, tambarin bom ɗin nan ƙarewa yake. Hayaƙin fetur da gawayin ƙasa ba shi da kabon-14 ko kaɗan, ya yi ta sirka iskar har a ƴan shekarun nan ta dawo kusan inda take kafin 1955. Yaran da ake haifa yanzu haƙoransu ba za su ba da amsa mai kaifi irin namu ba.

Ba_Damagarame:

Sannunku da ƙoƙari malamai. Ni daga Zinder nake, mu wannan magana ba labarin Turai bace a wurinmu. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinto gawa 92 a hamada arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su, yara 52 mata 33 maza 7, akasarinsu mutanen kudancin jiharmu ne wajen Kance. Waɗanda suka je sun tarar wasu sun ruɓe wasu diloli sun taɓa, a warwatse wasu ƙarƙashin ƴar inuwa uwa da ƴaƴanta, nan aka yi musu sallah aka rufe su inda aka same su, ƙasa ta yi makokin kwana 3. Wa zai tsaya ɗaukan haƙori ko ƙashin cinya a wannan wuri? Waɗannan ma an san daga inda suka fito ne don akwai waɗanda suka tsira suka ba da labari. Na hanyar Agadas zuwa Dirku zuwa Libiya da direbobi ke wucewa suna gani fa, ba wanda ya san adadinsu.

Kuma maganar Dakta ta cewa wuri ke ruɓar da gawa ba kwanan wata ba, hamadar Tenere ta nan Nijar ta fi ko'ina nuna haka. Wani zafi da iska su busar da shi fata ta manne a ƙashi ya shekara da shekaru a haka, wani kuma rairayi ya rufe shi yau iska ta tone shi baɗi ƙashin ya yi fari fat ya farfashe sai ka rantse ya shekara 100. Sannan akwai na dauri na gaske a kwance a fili. A shekarar 2000 wani masani ɗan Amurka Paul Sereno da tawagarsa suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun tale-tale sai suka faɗa kan wata maƙabarta a Gobero, ƙasusuwan mutane a waje iska ta yaye rairayin, kabari wajen 200, mafi tsufansu sun doshi shekara 10,000 tun lokacin da wurin tafki ne da kifi da dorina. Har akwai kabarin mace da yara biyu rungume da juna. Su ma masanan sai da suka sha wuya wajen auna shekarun don zafin hamada ya cinye sinadarin ƙashin da aka saba aunawa, dole suka koma kan ɓawon haƙori da makamantansa. Toh in jandarma ya tarar da irin wannan a sintiri me kake so ya rubuta a rahoto?

Ummu_Sadik:

Allah ya jiƙansu da rahama. Ni tawa tambayar ta addini ce Dakta, ai an ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma an umarce mu da gaggauta jana'iza, shi yasa mutanenmu ko a asibiti aka ce za a buɗe gawa sai ka ga an tada hankali an ce a bar wa Allah. Amma kuma ta ɗaya ɓangaren ina tausayin mata wlh. Matar da mijinta ya ɓace ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba, a mazhabarmu ta Malikiyya sai ta kai ƙara wajen alƙali a yi cigiya a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10 kafin ta iya wani auren, gado kuma ba a raba shi sai an ƙiyasta ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, wajen 70 ko sama. Kungiyar Red Cross ta duniya ta yi rajistar mutum sama da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, yawanci a rikicin arewa maso gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓace. Kowane ɗaya akwai uwa da ke zaune ta kasa karɓar gaisuwa. Shin dole sai an farfasa gawa ne kafin a gane ta?

Bokan_Turai:

Hajiya Ummu Sadik ba dole bane, kuma hukuncin na bar wa malamai, amma dai abun da ake ɗauka kaɗan ne ƙwarai, haƙori guda ko ɗan guntun ƙashin cinya da bai kai tsawon yatsa ba, ko wani ɗan ƙashi mai tauri da ke cikin kunne wanda yanzu aka gano ya fi kowanne riƙe DNA. Ana iya ɗauka a yi hoto a rubuta lamba a yi sutura a ranar, abun da ake roƙo kawai a binne kowa daban kuma a san wane rami ne wace lamba. Ramin gayya da ake zuba mutane ba lissafi shi ke kashe aikin tun kafin a fara.

Yanzu in dawo tambayar Malam Ɗan Kurmi ta biyu don ita ce mutane suka fi rashin fahimta. DNA ba ta faɗin suna. Kamar baƙuwar lamba ce ta kira ka, lambar dai gata ɓaro-ɓaro a fuskar waya amma in ba ka taɓa ajiye ta ba ba za ka san waye ba. Dole sai an samu abun da za a gwada ta da shi, jinin uwa ko uba ko ɗa, ko buroshin haƙorin mamacin. Haka shatin yatsa, haka hoton haƙori, duk gwadawa ake da wani abu da aka ajiye tun mutum na raye. A Turai likitan haƙori yana da fayil ɗin kusan kowa, bayan igiyar ruwan tsunami ta 2004 yawancin Turawan da suka mutu a Tailan da haƙoransu aka gane su. Mu nan mutum nawa ne suka taɓa yin hoton haƙori? Wanda ya karye a ƙafa wajen mai ɗori ya je, ƙashin zai nuna tabon karaya sarai amma ba hoton asibiti da za a ɗora a kai. Tsagar gado da bille da zanen suna duk da fata suke tafiya. Abun da ya rage mana sai irin wushirya ko haƙorin Makka ko wani yatsa da ya taɓa guntulewa, su ma sai in akwai ɗan'uwa da ya zo ya faɗa an rubuta. Shatin yatsa kam muna da shi jibge a rajistar katin ɗan ƙasa da ta banki da ta zaɓe, kuma gawar da hamada ta busar ana iya jiƙa yatsun da magani a ɗauki shatin, amma sai akwai tsarin da zai haɗa mutuware da waɗancan rumbunan.

Ku dubi yaron da aka tsinci gangar jikinsa a kogin Thames na Landan ranar 21 ga Satumban 2001, ba kai ba hannuwa ba ƙafafu, sai gajeren wando ruwan lemo, ƴan sanda suka sa masa suna Adam. Kimiyya ba abun da ba ta yi ba a kansa. An ce shekararsa 4 zuwa 8. Sinadaran ƙasa da ke shiga ƙashi ta hanyar ruwa da abinci suka nuna Afirka ta Yamma, jami'ai suka zo Najeriya suka yi ta ɗibar ƙasa da ƙasusuwan dabbobi suna gwadawa har aka matse wurin zuwa kudu maso yamma wajen birnin Benin. Ƙurar furen da ke jikinsa ta nuna kwanaki kaɗan ya yi a Ingila, a cikinsa kuma an samu ɓurɓushin wani wake mai dafi na yankin Kalaba. Har Mandela sai da ya yi roƙo a bainar jama'a ko wani zai fito yace ɗansa ne. DNA ɗinsa tana ajiye cikakkiya, amma har yau ba a tabbatar da sunansa ba kuma ba a hukunta kowa da kisan ba. Irin gwajin sinadaran ƙashin nan ma zai iya nuna wanda ya tashi da tuwon dawa da furar gero daban da wanda ya tashi da alkama da shinkafa, amma iyakarsa ya nuna yanki.

Haka jirgin ruwan da ya nutse tsakanin Libiya da Italiya ranar 18 ga Afrilun 2015, mutum 28 kacal suka tsira, ɗaruruwa suka tafi da shi ƙasa. Italiya ta ciro jirgin a 2016 daga zurfin mita wajen 370, Farfesa Cristina Cattaneo ta Milan da mutanenta suka yi ta aiki a Sisili suna raba ƙasusuwan da suka cakuɗe a cikin jirgin, a nan ne suka samu wani yaro ɗan Mali mai shekara wajen 14 ya ɗinke sakamakon jarrabawarsa ta makaranta a cikin rigarsa. An ɗebi samfur an ajiye, amma ƙalilan aka iya sa wa suna, don iyayen suna ƙauyukan Mali da Senegal da Gambiya da Eritiriya, wasu ba su ma san ta wace hanya ɗansu ya bi ba, wasu tsoron hukuma suke.

Inda abun ya yi aiki kuwa Bosniya ce. A Srebrenica an kashe maza da samari wajen 8,000 a Yulin 1995, makasan suka dawo da katafila suka tone ramukan suka kwashe zuwa wasu wuraren don ɓoye laifi, har ya zama ana samun sassan mutum ɗaya a rami biyu ko uku. Duk da haka an gane kusan 7,000, ba don na'urarsu ta fi ta kowa ba, sai don hukumar ICMP mai neman waɗanda suka ɓace a duniya ta bi dangi har ƙasashen da suka yi gudun hijira ta karɓi jinin mutum sama da 20,000. Amma fa ko da kuɗi da dangi wani lokacin gawar ce ke ƙin ba da haɗin kai, wuta da zafi da damshi suna lalata DNA, cikin mutum 2,753 da suka mutu a benayen New York a 2001 har yanzu wajen 1,100 ba a samu ko guntun da za a ce nasu bane. Mu kuma a nan, cibiyar DNA ta gwamnatin Legas da aka buɗe a 2017 tana cikin wuraren da aka ƙona a hargitsin Oktoban 2020.

Ɗan_Kurmi:

Kai Dakta Allah ya ƙara basira, Malam Kemistiri da ɗan'uwanmu na Damagaram ku ma na gode ƙwarai. Saura ɗaya, in ace gida sun rasa mutum kuma aka ce su kawo samfur, wa ya fi dacewa ya bayar? Don wani iyayen sun rasu sai ƴan uba da baffanni.

Bokan_Turai:

Uwa da uba tare shi ne na ɗaya, ko kuma ƴaƴansa haɗe da uwar ƴaƴan, kuma ba sai jini ba ma, auduga ake gogawa a cikin kumatu shikenan. In babu su sai shaƙiƙai uwa ɗaya uba ɗaya, gwargwadon yawansu gwargwadon ƙarfin sakamakon. Ƴan uba da baffanni suna taimakawa amma da rauni, in mamacin namiji ne akwai DNA da ke bin layin maza zalla daga kaka zuwa uba zuwa ɗa, akwai kuma wadda ke bin layin uwa da za a iya ɗauka wajen kawu ko inna, sai dai su biyun nan gida suke nunawa ba mutum ba, ta layin mazan misali duk mazan zuri'ar iri ɗaya suke ɗauke da ita. A wajenmu kuma dole a gaya wa masu gwajin gaskiyar auren zumunci, in iyaye ɗan wa da ƴar ƙane ne kuma kakanni ma haka, ɗan baffa zai iya fitowa a lissafi kusa-kusa da ɗan uba, in ba a faɗa ba sai a ba wani gida gawar wani. Wanda ya fi wuya shi ne wa da ƙane su ɓace tare kuma duk ba su haihu ba, an sha samun haka a Srebrenica, jinin iyaye zai tabbatar gawar ɗansu ce amma ba zai ce wanne daga ciki ba, a nan sai a dawo kan ƙashin a duba wa ya fi tsayi wa ya girmi wani, da wanda ya taɓa karyewa yana yaro.